Jikar Mai Hanci

Shekara ashirin da tara Mai Hanci ya yi yana shinshina ramukan garin nan, kuma ba a haifi wanda zai ce masa wannan ba sana'a ba ce. Ma'aikacin magudanan ƙarƙashin titi ne, irin mutanen nan da za ka tarar sun tare rabin hanya da jan ƙyalle, sun ɗage murfin ƙarfe, masu mota suna ta zaginsu. A takarda an rubuta shi shugaban ayari. Amma abin da ya ba shi shugabancin yana nan zaune daram a tsakiyar fuskarsa, faffaɗa, mai ƙofa biyu, wanda matarsa ta ce in ya yi atishawa har labule sai ya motsa.

Ga yadda aikin yake. Ruwan ƙazanta in ya kwanta a rufe yakan haifi wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kayar da ƙato cikin numfashi biyu. Saboda haka kafin kowa ya sa ƙafa a tsani, Mai Hanci zai durƙusa a bakin rami, ya cire hula, ya zura kai, ya ja iska. In ya ji warin sai ya ce, "A sha shayi." A koma gindin mota a jira. In an jima a zunguri toshiyar da dogon ƙarfe daga sama, ya sake durƙusawa. In warin ya tafi sai ya ce, "Bismillah," a sauka. Haka Tsoho, wanda ya koya masa aikin, ya bar masa: in da wari a jira, in babu a sauka.

"Mutum ɗaya na rasa duk shekarun nan," haka yakan faɗa wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi, "shi ne Tsohon kansa, Allah ya jiƙansa. A ramin bayan mayanka. Shi ma ba iska ba ce, mu biyu muka shinshina, tas yake. Zuciyarsa ce ta tsaya yana ƙasa."

'Ya'yansa huɗu. Uku sun yi abin da mutum zai iya faɗa wa maƙwabta: ɗaya malamin makaranta, ɗaya tela, ɗaya tana sayar da magani. Autar ce matsala. Ta yi karatu har aka ce ta zama dakta, uwar ta yi murna ta miƙa mata gwiwarta mai ciwo, sai yarinya ta ce ai ita ba irin wannan daktar ba ce. To wace iri ce? Ta ce bincike take yi a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Binciken me? Ta yi bayani tiryan-tiryan, ba wanda ya gane, aka ce Allah ya taimaka.

Ran wata Asabar da rana Auta ta zo gida, ta ajiye wani abu a kan tebur, tsakanin filas ɗin shayi da rediyon ubanta. Baƙi ne, bai fi akwatin ashana ba, da 'yar raga a gaba da maɗauri a baya.

"Baba, ga abin da nake yi."

Mai Hanci ya ɗauka, ya juya shi, ya kai hanci, don shi da haka yake gaisawa da komai.

"Rediyo ce?"

"Hanci ne."

Uwar tana bakin ƙofar kicin tana yankan albasa. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To, gida ya samu na biyu. Allah ya sa wannan ba ya minshari."

Auta ta buɗe bayan akwatin, ta nuna masa wani ɗan falle da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, an shafa masa wani abu mai ruwan toka.

"Wannan shafin shi ne aikin gaba ɗaya. Ƙarfe ne, kuza, da ya haɗu da iska ya sauya."

"Ƙarfen da ya haɗu da iska ya sauya," in ji Mai Hanci a hankali. "Auta, a wurinmu tsatsa ake ce masa."

"To... danginta ne."

"Shekara goma sha ɗaya kina karatu, ashe tsatsa kike yi? Ai da kin gaya mini. Tsanin motarmu kaɗai ya ishe ki digiri biyu."

Ta yi dariya, don ta saba. Ta ce ba kowace tsatsa ba. Wannan gasa ta ake yi a tanda har ta fito 'yan ƙwayoyi mitsi-mitsi, waɗanda in ka jera dubu ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. Ƙanƙantar ita ce dabarar. Niƙaƙƙen gishiri ya fi dunƙule saurin narkewa, to haka su ma, ko'ina a jikinsu a buɗe yake, iska ba ta da ta inda za ta wuce ba ta taɓa su ba. Ana ratsa 'yar wutar batir ta cikinsu. In iska mai guba ta sauka a kansu sai gudun wutar ya sauya, akwatin ya yi kuka.

"Kunna mu ji."

Ta danna. Wata 'yar fitila ta fara ƙiftawa. Shiru.

"Ya mutu?"

"Sai ya yi zafi tukuna, Baba. Minti uku. In da sanyi ba ya jin komai."

"Ubanki ke nan," uwar ta ce. "Shi ma kafin shayi ba a yi masa magana."

Minti uku suka cika, fitilar ta koma koriya. Uwar ta taso da farantin albasa za ta wuce, sai akwatin ya tsandara ihu, wata siririyar ƙara mai shiga haƙori. Saura kaɗan farantin ya kife. Auta ta yi wuf ta kashe, tana cewa ai albasa ma tana da ɗan sinadarin, shi ya sa. Aka sake kunnawa, aka sake jiran minti uku. Mai Hanci ya zare safa don ya miƙe ƙafa ya ji daɗin kallon ikon Allah, akwatin ya sake kwarma ihu.

"Wannan karon dai gaskiya ya faɗa," in ji uwar.

Da dariya ta lafa Auta ta faɗi abin da ya kawo ta. Akwatin bai taɓa ganin rami ba, iskar kwalba kawai ya sani. Tana so ubanta ya rataya shi a ƙirji mako guda a wurin aiki.

"Ni? In rataya tsatsa ta koya mini wari?"

"Za ka rataya," uwar ta ce, ta ajiye wuƙa. "Tun da yarinyar nan ta yi wayo, me ta taɓa roƙonka?"

Ran Litinin ya fita da akwatin maƙale a aljihun gaba.

Mutum biyu ne ba sa rabuwa da shi a ayarin. Akwai Dogo, abokinsa na shekara ashirin, siriri, wanda kullum shi ke fara sauka don rami ba ya matse shi. Akwai kuma Direba, wanda ke wanka da turare kafin ya zo aikin kwata, wani turare mai hawa kai da Mai Hanci ya shekara tara yana zagi. Kullum sai ya kore shi: "Koma bayan iska, kana ɓata mini kayan aiki."

Ko fita daga harabar ofis ba su yi ba akwatin ya fara. Ya yi kuka saboda turaren Direba. Ya yi kuka a gidan mai. Ya yi kuka da wata tsohuwar babbar mota ta tule su da hayaƙi. Da suka tsaya wurin mai shayi aka ɓare dafaffen ƙwai, sai da mutanen benci suka watse.

Dogo ya dube shi, ya dubi akwatin, ya girgiza kai.

"Ga ta 'yar mitsitsiya, ga kuka ba dalili, ga ta lafe a ƙirjinka. Malam, wannan ai jika ce. Barka, Auta ta haihu."

Shi ke nan suna ya zauna. Da an ji ƙarar sai a ce, "Jikarka ta farka." Direba ya ce a saya mata madara. Dogo ya ce a'a, goyo take so. Mai Hanci yana dariya tare da su, har shi ke ƙara gishiri, amma dariyar ba ta wuce maƙogwaro.

Ran Laraba Oga ya zo daga ofis duba aiki, ya ga akwatin, ya tambaya, aka gaya masa. Ya ce, "Kai, in wannan ya yi aiki ai kowane ayari ya samu hanci irin naka." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, har ya dafa kafaɗar Mai Hanci. Shi kuwa maganar ta tsaya masa a rai wuni guda. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. In Jika ta yi aiki, shi ya zama me? Dattijo mai ciwon gwiwa da kowa zai iya maye gurbinsa. In kuma ba ta yi ba, shekara goma sha ɗayan 'yarsa sun zama abin dariyar masu shayi. Ya rasa wanne zai roƙi Allah a kai. Da yamma ya cusa Jika cikin safa, ya tura ta akwatin gaban mota, ya rufe.

Ran Alhamis bayan an tashi ya ɗauke ta ya nufi jami'a don ya mayar wa mai ita. Bai taɓa shiga ba. Ɗaki ne dogo mai sanyi, ba ya warin komai, abin da ya fara ba shi haushi ke nan. Tukwanen iska dogaye a jere an ɗaure su da sarƙa a bango. Ga wata tanda kamar bututu tana huci, ga akwatin gilashi da siraran tiyo suka shiga ta nan suka fita ta can. Auta na sanye da farar riga da tabarau mai rufe rabin fuska. Wasu manyan mutane biyu suka wuce suka ce mata, "Dakta, sai da safe." Alfahari ya taso masa, ya yi maza ya danne.

Ta nuna masa hoton tsatsarta a allon kwamfuta, an ƙara girmansa sau dubu hamsin. Wasu tsinkaye ne cunkus, tsaye, ko'ina.

"Haɓata ce in na kwana uku ban yi aski ba," ya ce. Ya ajiye safar a kan tebur. "Ga jikata. Ba ta da tarbiyya. Albasa kuka, turare kuka, ƙwai kuka."

"Na sani, Baba. Tana rubuta duk abin da ta ji, zan karanta. Amma tun ranar albasar Mama na dawo nan ban zauna ba."

Ta ɗauko wata, sak ta farko. Ta ce wannan ta barbaɗa mata tsatsar jan ƙarfe a kan ta kuzar, ita kuwa tsatsar jan ƙarfe ba ruwanta da kowa sai iskar ƙwai. Ta buɗe aljihun tebur ta fito da rabin albasa, a ɗakin gwaje-gwaje fa, ta kaɗa a gaban ragar. Shiru. Ta fesa turare. Shiru. Ta saka ta cikin akwatin gilashi, ta rufe, ta ɗan murɗa wani famfo. Kafin ya ƙirga biyar ihu ya cika ɗakin.

"To, ta yi hankali," ya ce, ba da son ransa ba. "Amma abin da ta ji, ni ma da na ji."

Auta ta cire tabarau. Ta daɗe tana goge shi da gefen riga.

"Baba, akwai abin da zan gaya maka, kada ka yi fushi. Iskar nan in kaɗan ce, hanci yana jin ta, ya ma fi na'urata ji. Amma in ta yi yawa, hancin take fara kashewa. Ka ja sau ɗaya, sau biyu, sai ka ji shiru. In wari ya tafi, ko dai ya tafi ɗin ne, ko kuwa ya yi yawa ne."

"Wa ya gaya miki? Littafi?"

"Littafi, da gwaji."

"Littafin ya taɓa zura kai a rami?" Muryarsa ta tashi. "Shekara ashirin da tara, Auta! Da hancin nan kika ci, da shi kika yi karatun da kike tsaye a kai kina ce masa maƙaryaci."

"Ban ce maƙaryaci ba."

"Me kika ce?"

Ta ciro sabuwar, ta ɗaura mata doguwar igiya, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Kada ka yarda da ni. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Duk ranar da ka ji rami tas ita kuma tana kuka, kafin ka tura mutum, ka shinshina wani abu da ka san warinsa."

Ya karɓa ne kawai don ya san in ya koma gida hannu biyu akwai wadda za ta tare shi a ƙofar kicin. Ya fita ko sallama bai yi ba.

Juma'a da Asabar Jika ba ta yi kukan banza ba. Direba ya tsaya a gabanta ya buɗe hammata, shiru. Dogo ya ce an yaye ta. Sau biyu Mai Hanci ya ji wari ya ce a sha shayi, sau biyun ta ɗan yi ƙara ƙasa-ƙasa, kamar mai cewa haka ne, Kaka. Hankalinsa ya fara kwanciya. In dai abin da ya faɗa za ta riƙa maimaitawa, to ta zauna.

Ran Litinin da hantsi aka aiko su bayan mayanka. Magudana ta toshe, ruwa ya fara tasowa a layin masu kaji, 'yan kasuwa na ta kumfar baki. Mai Hanci ba ya son ramin nan, kowa ya sani, ba mai faɗa. Suka tare hanya, suka ɗage murfi. Ya durƙusa, ya cire hula. Ko zura kai bai gama ba warin ya mare shi.

"A sha shayi."

Suka sha. Rana ta ɗaga. Motoci suka yi layi har kwana, masu hon na yi, masu zagi na yi. Oga ya bugo waya sau biyu. Bayan rabin awa Dogo ya ɗauki dogon ƙarfe ya zunguri toshiyar daga sama, baƙin ruwan ya motsa, ya yi ɓul-ɓul, ya kwanta. Mai Hanci ya sake durƙusawa, ya zura kai sosai, ya ja. Wani ɗan wari ya taɓa shi ya wuce. Ya sake ja, dogo. Tas. Idonsa ya ɗan yi yaji, amma rami tas.

Dogo ya riga ya ɗaura ɗamarar igiya, ƙafarsa ɗaya na kan tsani.

"Malam, a faɗa mana mu gama. Rana na yi."

Bismillar tana bakinsa. Sai ya tuna igiyar da ke aljihunsa, ya ce bari dai a cika wa yarinya alkawari. Ya zura Jika a ramin. Ba ta kai kamu uku ba ta fasa ihu, ba irin na ƙasa-ƙasan nan ba, ihu ba tsayawa, fitilar ta koma ja.

"Ta farka," Direba ya ce daga inuwar mota. "A ba ta madara."

"Tsohon halin ya dawo," in ji Dogo. "Bayan mayanka ne fa, komai wari yake. Kai me ka ji?"

"Tas."

"To shi ke nan. Shekara ashirin ina sauka da hancinka, yau zan tsaya sauraron akwatin ashana?" Ya sa ƙafa ta biyu.

Mutane sun taru, 'yan kasuwa, masu babur, kowa ya zuba wa Mai Hanci ido. Wayarsa na ruri a aljihu. In ya ce a jira, a gaban wannan taro ya ce tsatsa ta fi shi. In ya ce bismillah, Dogo ne zai sauka, Dogo mai 'ya'ya biyar, wanda ko tambaya ba ya yi. Ya ji haushin Auta, ya ji haushin akwatin, ya ji haushin kansa.

"Tsaya nan. Kada ka motsa."

Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya taka har gindin mota, ya cafki kwalar rigar Direba da hannu biyu, ya jawo shi, ya tura hanci a wuyansa.

"Subhanallahi! Malam, lafiya? Mutane na kallo!"

Mai Hanci ya ja iska. Ya sake ja. Babu komai. Turaren da ke sa shi ciwon kai daga nesa, turaren da yake ji tun motar ba ta shigo harabar ofis ba, babu shi. Kamar ya shinshina gilashi.

"Ka sa turare yau?"

"Rabin kwalba! Me na yi kuma?"

Ya sake shi. Bai san yana iya gudu ba sai ranar. Ya damƙi igiyar bayan Dogo ya fizge shi da ƙarfin da ya zubar da su biyun a kan kwalta.

"Fito! Ku ja baya, kowa ya ja baya! Direba, je ofis ka ɗauko injin hura iska."

"Amma ka ce tas..."

"Hancina ya mutu," ya ce, da ƙarfi, yadda har masu kaji suka ji. "Ba na jin komai. Iskar ce ta kashe shi. Ramin nan cike yake."

Wuri ya yi tsit, in ban da Jika da ke ta tsala ihu a ƙarshen igiyarta. Dogo ya zauna a kwalta yana kallon bakin ramin, ya kasa kwance ɗamarar.

Awa ɗaya da rabi injin ya yi yana hura iska kafin fitilar ta koma koriya. Mai Hanci ya zura ta har ƙasa, ya jira, ya sake zurawa, sannan ya ce bismillah. Suka gama aikin da la'asar. A hanyar komawa, da suka kusa ofis, Direba ya gyara murya.

"Shekara tara ana zagin turarena. Yau ya ceci rai. Ina jiran a ba ni haƙuri."

Dogo ya fashe da dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Mai Hanci ya yi murmushi kawai. Hankalinsa ba ya motar. Yana can shekara ashirin da biyu baya, a bakin ramin nan dai, shi da Tsoho sun durƙusa kafaɗa da kafaɗa bayan an zunguri ruwa, sun ja iska, sun dubi juna.

Da ya isa gida Auta na nan, don Dogo ya riga ya buga mata waya. Ya zauna a kujerarsa bai cire takalmi ba. Ya ajiye Jika a kan tebur, tsakanin filas da rediyo. Uwar ta dube shi sau ɗaya ta shige kicin, ta bar ƙofa a buɗe.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Tsoho. Ba zuciya ba ce."

Ta sunkuyar da kai. "Ba na jin zuciya ce."

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekarata ta biyu a jami'a. Malami ya faɗa a aji, a tsakiyar magana, ya wuce abinsa. Ni kuwa na tuna ranar da ka dawo, ina 'yar shekara bakwai, kana zaune a nan kana ce wa Mama, tas yake, wallahi tas yake. Na fita na je bayan ɗakin karatu na yi ta kuka. Tun daga ranar, duk safiyar da ka fita..."

"Ni na ce masa bismillah."

"Shi ya koya maka, Baba. Shi ma haka aka koya masa."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Baƙin ciki ne, tsohon da ya ɗauka ya binne, ya taso sabo. A ƙarƙashinsa kuma akwai kunya, da wani abu mai kama da alfahari, duk sun cakuɗe.

"Shekara tara kina riƙe da wannan. Me ya hana ki gaya mini?"

"Da ka yarda?"

Ya yi tunani, tsakaninsa da Allah. "A'a."

"Shi ya sa na yi wadda ta fi ni baki."

Ya so ya yi dariya, abin ya fito wani iri, ya rufe fuska da hularsa. Auta ta matso ta durƙusa ta fara kwance masa igiyar takalmi, kamar yadda take yi tana ƙarama. Can sai ya sauke hular, ya ɗaga kai, ƙofofin hancin nan biyu suka buɗe.

"Ke," ya ɗaga murya wajen kicin, "albasarki na ƙonewa."

Uwar, wadda tun ɗazu take tsaye a bayan ƙofa da cokali a hannu ta manta da tukunya, ta leƙo tana share ido da gefen zane.

"Alhamdulillahi, hancin ya dawo. Da ma na san ba za mu huta ba."

Mai Hanci ya ɗauki Jika, ya goge mata raga da babban yatsa, ya laluba bayan rediyo ya zare wayar cajinsa ya soka mata.

"Ayari shida ne a ofishinmu," ya ce wa Auta, bai dube ta ba. "Kowanne da mai shinshina masa, kuma duk ni na koya musu. Jika nawa za ki iya haifa mini kafin Litinin mai zuwa?"